Makon da Baba Ya Kira Mini Wanzami

Mai horar da mu ya ce a makon ƙarshe kafin tsere aikinmu ɗaya ne, mu huta. A bakin tsohuwar gada ya faɗa mana, ranar da muka gama dogon gudunmu na ƙarshe, muna tsaye gumi na zuba. Ya ce abin da ƙafa za ta koya ta riga ta koya, wanda ya ƙara mata wahala yanzu kansa ya cuta. Ɗan gudu kaɗan da safe don kada jiki ya manta, sai abinci da ruwa da barci. Kada a ci abin da ciki bai saba da shi ba, kada a sa sabon takalmi, kada a bari ko ƙaya ta taɓa ƙafa. Muka ce mun ji, kowa ya kama hanyar gida yana murna an ba shi hutu.

Ni tela ne. Shagona yana bayan Babbar Kasuwar Yamai, gidan da nake haya yana Lamordé, ƙetaren kogi. Gudu na fara ne don ciwon baya na zaman keke, daga baya abin ya shiga jinina. Tseren da nake shirya wa ba irin na cikin gari ba ne da ake gamawa kafin hantsi. A daji ake yin sa, nesa da Yamai, a tashi da sassafe a wuni ana gudu cikin yashi da tsakuwa, mai ƙarfi ya iso da sauran rana. Kusan shekara na yi ina shiri, na wuce arba'in, kuma na san idan wannan ya kuɓuce mini da wuya jikina ya sake yarda da irin wannan azaba. Ina son tseren nan so na gaske, har ina jin kunyar faɗin yawansa.

A lokacin Baba yana wurinmu. Ya zo daga ƙauyenmu na wajen Dogon Dutsi bayan an shigar da gero, don a duba masa ido, muka riƙe shi ya ɗan zauna. Gudun da nake yi bai taɓa ɗaukarsa aikin hankali ba. In na shigo da safe ina haki, yakan ɗago daga tabarmarsa ya tambaye ni wa ya biyo ni yau. Ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin magidanci mai mata da ƴaƴa yana gudu ba sai in gobara ta tashi ko sa ya tsinke. Amma bai hana ba. A wurinsa mai gudu ko ba komai lafiyayye ne. Ni kuwa na san abu ɗaya: ban taɓa yin tafiya ban durƙusa na sallame shi ba, kuma duk shirin da na yi, in ya buɗe baki ya ce bai yarda ba, to ba ni ba tsere.

Hutu bai karɓe ni ba. Jikin da ya saba gajiya in aka hana shi sai ya koma neman faɗa. Na yi wa yara tsawa don sun bar murfin gwangwani a tsakar gida. Na yi wa matata ƙorafin gishiri a miyar da gishirinta daidai yake. A kasuwa ina tafiya ina kallon ƙasa, ina kauce wa masu tura baro da ƴan kabu-kabu, kowane ƙarfe da ya leƙo daga rumfa gani nake ƙafata yake nema. A shago in kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, maimakon in koma keken ƙafa yadda na saba, sai in bar wa abokin aikina ɗinkin in hau taksi in dawo gida da rana tsaka. In shimfiɗa tabarma a ɗaki, in kwanta rigingine, in jingina ƙafafu sama a jikin bango, kamar yadda aka koya mana.

Ana cikin haka sharaɓata ta hagu ta fara ciwo. Ba ciwo mai yawa ba, wani ɗan ja ne can ciki, yana zuwa yana tafiya. Watanni na yi ina dukan ƙafar nan a gudron, wato kwalta, da yashi ba ta ce komai ba, sai yanzu da na lallaɓa ta. Na kira mai horar da mu, ya yi dariya. Ya ce kowa haka yake ji a wannan mako, jiki ne ya rasa aikin yi ya koma sauraron kansa, in dai ba ta kumbura ba kuma ina takawa, in manta da ita. Na ce to. Ban manta ba. Hannuna kullum yana kanta, ina matsawa, ina gwada ta da ɗayar.

A haka Baba ya same ni. Ya ɗaga labule ya tsaya, ga ɗansa kwance da rana tsaka, ƙafafu a sama, hannu yana murza sharaɓa. Idonsa ba ya gani sosai, amma wannan ya gani.

“Lafiya?”

“Lafiya lau, Baba. Hutawa nake.”

“Hutun me? Me ka yi?”

Na tashi zaune na yi masa bayani dalla-dalla, yadda ake rage gudu kafin babban tsere, yadda ake tara ƙarfi. Ya saurare ni har na gama. Ya tambaye ni ko ƙafar na ciwo. Ba na yi masa ƙarya, sai na ce kaɗan ne, ba wani abu ba. Ya gyaɗa kai ya saki labule.

Washegari aka fara zuwa dubiya. Ashe ya faɗa a masallaci bayan sallar magariba cewa ɗansa ba ya jin daɗi, a sa shi a addu'a. Ladan ya fara zuwa, sai mai shagon bakin layi, sai maƙwabciyarmu, wata dattijuwa Bazabarma, da kwanon kunu a hannu tana tambayata jiki da Zabarmanci tana maimaitawa da Hausa don kada in ce ban ji ba. Kowa ya shigo dole in sauke ƙafa, in tanƙwashe ta, in amsa gaisuwa. In na ce lafiyata ƙalau, sai su dubi juna su ce haka ake so, namiji ke nan, Allah ya ƙara sauƙi. In na ce wallahi ba abin da ke damuna, sai su ce kada in wahalar da kaina da magana. Ban taɓa sanin mutum zai rasa hanyar da zai bi ya nuna yana da lafiya ba sai a makon nan.

Duk abin da na yi sai ya zama shaida a kaina. Aka kawo fura daga waje na ƙi sha don tsoron ciki, Baba ya ce ga shi har abinci ya fita raina. Wani ya aiko da jiƙon sassaƙe na ajiye a bayan ƙofa, Baba ya ɗaga kofin ya ji shi cike, ya mayar. Da safe na sa takalmi na fita ɗan gudun da aka yarje mana, na zaga ta bayan jami'a na dawo, har ina buga ƙafa a ƙofa don Baba ya ji. Ya ce da in na fita sai rana ta ɗaga nake dawowa, yau ko shayinsa bai huce ba. Raina ya ɓaci, na shige ɗaki na haɗiye abin da ya zo bakina.

Matata da farko dariya take yi. Tana kirana majinyaci, tana tambaya ko a dama mini koko. Daga baya ta daina. Ta ce in lura, Baba ya rage cin abinci, kuma tun da aka fara abin nan ya matso da tabarmarsa kusa da ƙofar ɗakinmu. Ta tuna mini da wana, wato yayana. Ban so ta tuna mini ba. Wana ya rasu a ƙauye shekarun baya, lokacin ban daɗe da zuwa Yamai ba. Abin da na sani shi ne ciwon daga ƙafa ya fara, kuma ya daɗe yana ɓoyewa. Ni ko jana'izarsa ban samu ba, na iso an riga an dawo daga maƙabarta. Ba maganar da muke yi da Baba ba ce. Na ce mata wannan daban wancan daban, ta ce ni na san haka, shi fa?

A kasuwar Petit Marché ta faɗa mini sauran. Mun je sayen shinkafa da makaroni da dabinon da zan yi guzuri, muna tsaye gaban mai kayan miya, ta ce ba ta so ta faɗa a gida ba. Baba ya yi magana da wani wanzami, mutumin wajenmu da ke zama kusa da tasha. Gobe da hantsi zai zo ya yi mini ƙaho a sharaɓa, a fitar da mataccen jini.

Wanda bai san ƙaho ba zai ce ai ɗan abu ne. Ana kafa ƙahon ne a zuƙe har nama ya taso, a cire a tsattsaga wurin da aska, a mayar a sake zuƙa. Tsagar ƙanana ce, amma ba ta warkewa a kwana biyu, kuma tsere saura kwana kaɗan. Wuni guda cur gumi da yashi suna shiga ciki, safa tana goga, ƙafa tana dukan ƙasa. Ko na jure, mai horar da mu yana gani zai ce in zauna. Na fara ɗaga murya a tsakiyar kasuwa, ina cewa ƙafata ce ko ta gari, har mai kayan miya ya tsaya da awo yana kallona. Matata ta bari na gama ta ce ba ita ta kira wanzami ba, in ina da magana ga Baba can a gida.

A hanya na yi ta saƙa da warwara. Na ce zan fice tun da asuba in wuni a shago. Ta ce in na yi haka na bar tsoho zaune da baƙon da ya kira, maƙwabta na kallo, wannan ya fi ƙin yarda muni. Na ce to in ba da baya a maimakon ƙafa. Ta tambaye ni jakar ruwan da zan goya wuni guda a ina za ta zauna. Bayan la'asar na je na zauna gefen tabarmarsa, yana ɓare gyaɗa yana tarawa a faifai. Na buɗe baki na ce Baba, game da gobe. Bai ɗago ba, ya ce an riga an gama magana, mutumin hannunsa da sauƙi, ba zan ji zafi ba. Ya ɗauka zafin nake tsoro. Na taya shi ɓare gyaɗa har aka kira magariba.

Wanzamin ya zo a kan lokaci. Dattijo ne siriri mai fara'a, da zabirarsa a kafaɗa. Ladan ya biyo shi, mai shagon bakin layi ma ya leƙo ya zauna, wai don a taya ni hira. Aka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin dogonyaron tsakar gida. Wanzami ya zazzage kayansa, ya jera ƙahonni, ya wanke aska, yana ba da labarin wani direba da ya zo masa da ƙyar ya koma da ƙafarsa. Matata tana bakin madafa ta juya mana baya, ludayi a hannu, ba ta motsa komai. Na fito na gaishe su na zauna.

Baba ya ce, “Miƙo ƙafar.”

Na ce, “Baba, ka yi haƙuri. Ba za a taɓa ƙafar nan ba.”

Wanzami ya tsaya da askar a hannu. Ladan ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Baba ya juyo da fuskarsa gaba ɗaya wajena, yadda yake yi tun da idon ya raunana.

“Me ka ce?”

“Na ce ka gafarce ni. In aka tsaga ta ba zan iya tseren ba. Lafiyata lau, hutawa kawai nake.”

Tun da aka haife ni ban taɓa ce masa a'a ba, balle a gaban mutane. Na jira ya yi faɗa. Na jira kalmar da nake tsoro, ya ce to babu inda za ni. Na riga na san in ya faɗa zan bi, kuma na san zan daɗe ban yafe wa kowa ba. Sannan ya yi magana a hankali, ba da ni kaɗai ba, kamar da tsakar gidan yake.

“Yayanka ma hutawa ya ce yake yi.”

Wanzami ya fara mayar da ƙaho cikin zabira, yana cewa ba komai, wata rana a yi. Baba ya ɗaga masa hannu. Ya ce sarkin aska ba zai taso tun daga tasha ya koma haka ba. Ya cire hularsa ya ajiye, ya tuɓe riga, ya juya baya ya zauna a inda ya kamata in zauna. Ya ce dama bayansa na damunsa.

Bayan Baba ba ya ciwo, duk mun sani. Mutumin da ya gama girbi da hannunsa ne. Na zauna ina kallo aka kafa ƙahonni a bayan tsohon, fatar ta taso, aska ta bi ta kai ƙyas-ƙyas, jini ya taru baƙi. Bai ko motsa ba. Na so in tashi, na ga tashin ma wani rashin kunya ne. Ƙafata tana nan lafiya a naɗe ƙarƙashina, kuma ban taɓa jin na tsani wata gaɓa ta jikina kamar yadda na tsane ta a lokacin ba.

Daga ranar ya daina yi mini magana sai amsa gaisuwa. Bai ce kada in tafi ba, bai ce in tafi ba. Ranar Juma'a ya ɗauki sandarsa ya tafi masallaci bai jira ni ba, na bi shi a baya ina kallon yadda yake lalubar gefen hanya. Na haɗa jakata, na warware, na sake haɗawa. Na ci shinkafar da aka ce in ci ban ji ɗanɗanonta ba. Sharaɓar kuma ba ta daina ja ba, har na fara tambayar kaina ko tsohon ya ga wani abu da ni da mai horar da mu ba mu gani ba.

Motar da za ta kai mu sansanin tsere da safe za ta tashi, ana gobe gudu. Gari ya waye sosai na fito da jaka. Baba yana kan tabarmarsa, ya gama lazimi, shayinsa a gefe bai taɓa ba. Na ajiye jakar na durƙusa. Na ce zan tafi, ina neman ya sa mini albarka, in kuma bai yarda ba in mayar da jakar ɗaki. Da gaske na faɗa.

Can ya ce in zauna in ɗora ƙafar a cinyarsa. Na ɗora. Ya naɗe mini wando har gwiwa da kansa. Ya lalubi ƙwaurina, ya sa babban yatsa ya danna da ƙarfi, ya riƙe, ya riƙe, sannan ya ɗaga. Bai dubi wurin ba, idon ba zai nuna masa ba. Ya bi da kan yatsa a hankali yana neman wani abu. Ya sauka kusa da idon sawu ya sake dannawa, ya sake shafawa. Ya ce in kawo ɗayar. Ban san abin da yake nema ba, amma na riƙe numfashi, ina roƙon Allah kada ya samu.

Ya saki ƙafar ya sauke mini wandon.

“Ƙafar yayanka in na danna, ramin yakan zauna, ba ya tashi. Bai bari na taɓa ba sai da takalmi ya daina shigarsa.”

Ya goge yatsan a rigarsa, ya ɗauki shayin ya kurɓa duk da ya huce.

“Tashi ka tafi, kada su bar ka. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da kai lafiya. In ka gaji ka tsaya, ba wanda ya biyo ka.”

Na ce amin. Na ɗauki jaka, matata ta raka ni bakin ƙofa tana share ido da gefen mayafi. Kafin in fita na waiga. Baba ya miƙe yana naɗe tabarma, ya ba ni baya. Farar riga ce a jikinsa, kuma a tsakanin kafaɗunsa, inda aka kafa ƙahonnin, ɗigo-ɗigon jini sun fito ta jikin yadin sun bushe.